Iskokin Hauka a Gaban Masana: Daga Shikal zuwa Akara

A shekarar 1925 abubuwa biyu suka faru, ɗaya a birnin Paris, ɗaya a ƙasar Kurfai, kuma a lokacin babu wanda ya zaci hanyarsu za ta haɗu. A Paris, malamai uku, Marcel Mauss da Lucien Lévy-Bruhl da Paul Rivet, suka kafa cibiyar nazarin al'ummomi a jami'a, da taimakon kuɗin da ke fitowa daga ƙasashen da Faransa ta mallaka, don a horar da waɗanda za su je su karanci mutanen ƙasashen. A Kurfai kuwa, a garin Shikal na yankin Filinge, wani iska da ba a taɓa jin sunansa ba ya hau wata mata mai suna Shibo. Ba a daɗe ba samari da ƴan mata da yawa suka bi sahunta. Iskokin da ke hawansu ba su yi kama da na borin iyaye da kakanni ba: suna taku irin na soja, suna sara wa juna, suna ba da umurni da wani gwamutsin Faransanci, suna riƙe da bindigogin icce, suna cusa hannu cikin wuta ba su ƙone ba. A Hausa aka kira su Babule, aka kuma kira su Hauka, sunan da ya bi su har ƙasar Zabarma da bakin teku.

Shekaru da dama ke nan masana ilimin al'adun ɗan Adam, da na zamantakewa, da na halayyar zuciya, wato antoropoloji da sosiyoloji da sikoloji, suna jayayya a kan ma'anar abin da ya faru a Shikal. Tarihin jayayyar hanya ce mai kyau ta ganin yadda kowane ilimi daga cikinsu ke duban mutum, da abin da yake iya gani, da inda idonsa ke tsayawa.

Kurfai a ƙarƙashin kumandan

Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka ta Faransa a 1922, aka kuma ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Talaka na wancan zamani yana ƙarƙashin dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure shi ko cin tararsa ba tare da an zauna shari'a ba. Ga lanho da ake biya da kuɗi a ƙasar da kuɗi ke da wuyar samu, ga aikin dole na gina hanyoyi da gidajen gwamnati, ga ɗibar samari zuwa soja, wadda ta tsananta a yaƙin 1914 zuwa 1918. A Kurfai akwai ƙari a kan wannan. Kurfayawa ba su saba da sarki ɗaya mai iko a kan kowa ba, amma Nasara suka ɗora Gado Namalaya a kan ƙasar, shi ke tara lanho, shi ke fitar da mutanen aikin dole.

Mabiyan Shibo sun ƙi yi wa wannan sarauta biyayya. Wasunsu suka bar garuruwa suka kafa zama a daji, da nasu gwamna da nasu hafsoshi, dukansu iskoki. Sarki ya kai ƙara, kumandan Yamai, wani mutumin tsibirin Korsika mai suna Horace Crocicchia, ya sa aka kama kimanin mutum 60 aka kai Yamai. Bisa labarin da Jean Rouch ya tattara daga baya, an tsare su kwana uku, aka kuma yi ta marinsu ɗaya bayan ɗaya har sai kowa ya furta cewa babu wani abu wai shi Hauka. Wannan magani bai kashe cuta ba. Ba a jima ba wani sabon iska ya bayyana cikin jerin, mai zafin rai da ashar, ana kiran sa Kumandan Mugu ko Korsasi, wato mutumin Korsika. Wanda ya zo murƙushe iskokin ya wayi gari ya zama ɗayansu. A 1927 rikicin ya sake tashi, aka kama shugabannin, aka kai su zaman dole nesa da gida.

Rahotannin gwamnati na lokacin sun ba abin suna biyu: tawaye da taɓin hankali. Wannan ita ce fassara ta farko, kuma mai bulala ne ya yi ta.

Hanyar Kurmi da kamarar Rouch

Fari da yunwar 1931 sun ƙara tura mutanen yammacin Nijar cin rani zuwa Kurmi, wato Gwalkwas, Gana ta yau. Suka zama masu dako a tashar jirgin ruwa, masu gadi, masu haƙar zinariya, ƴan tireda a kasuwannin Kumasi da Akara. Iskokinsu suka bi su, suka kuma ari tufafin mulkin Ingila da suka tarar a can.

Jean Rouch ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji. A 1942 aradu ta kashe wasu leburorinsa, sai wani saurayi da ke aiki tare da shi, Damure Zika, ya kai shi wurin kakarsa Kaliya, wadda ta jagoranci bikin tsarkake gawawwakin. Daga ranar Rouch ya karkata zuwa nazarin addinin gargajiyar Songai, ya koma Paris ya yi karatu a hannun Marcel Griaule, ɗalibin Mauss. A nan zaren Paris da na Shikal suka fara ƙulluwa.

A 1954, yana binciken ƴan cin ranin Nijar a Gwalkwas, sai shugabannin Hauka na Akara suka gayyace shi ya ɗauki babban bikinsu na shekara, wanda suke yi a wata gona bayan gari. Silimar da ta fito, Les Maîtres fous, ma'ana shugabanni mahaukata, ba ta fi rabin awa da kaɗan ba, amma har yau ana gardama a kanta. Ana ganin mutane idanu a juye, kumfa na zuba daga baki, ana ganin Gwamna da Janar da Kofur na gadi da matar likita da direban jirgin ƙasa suna zaman taro irin na hukuma. An fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, Rouch ya yanko hoton gwamnan Ingila na gaskiya da farin gashin tsuntsu a kan hularsa, don mai kallo ya kwatanta. An yanka kare aka ci. Kashegari kamara ta bi mutanen nan zuwa wuraren aikinsu, ga su cikin natsuwa da fara'a, wasunsu suna haƙar ramin famfo a gaban asibitin masu taɓin hankali na Akara. Rouch ya rufe da tambayar ko mutanen nan sun san wani magani da ke hana su haukacewa, wanda Turai ba ta sani ba tukuna.

Da aka nuna silimar a gidan tarihin ɗan Adam na Paris a 1955, Griaule ya nemi a lalata ta. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suna ganin za ta ƙarfafa masu cewa baƙar fata dabba ne. Hukumar Ingila ta hana nuna ta a Gwalkwas, don ta ga cin mutuncin gwamna ne. Duk da haka ta ci kyauta a bikin silima na Venise a 1957.

Idon mai nazarin al'ada

Ilimin al'adun ɗan Adam ya fara ne daga kujerar ɗakin karatu, inda malamai ke tara labaran matafiya da ƴan mishan suna jera al'ummomi daga na baya zuwa na gaba. Lévy-Bruhl, a littattafansa na 1910 da 1922, ya ce mutanen da ya kira na farko suna da wani irin tunani da bai bin ƙa'idar hankali irin ta Bature. Kafin mutuwarsa ya janye wannan magana cikin littattafan ajiyarsa, waɗanda aka buga a 1949, amma ta riga ta shiga kan kumandoji da yawa.

Abin da ya sauya wannan ilimi shi ne zama da mutane. Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen, ya ci abin da ake ci, ya rubuta abin da ya gani kullum. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce, kada a fassara wani aiki sai an san ma'anarsa ga mai yin sa. Da wannan ƙa'ida Rouch, da Nicole Échard wadda ta yi shekaru tana nazarin bori a Adar da Kurfai, suka nuna cewa abin da kumandan ya ɗauka hargitsi ne yana da tsari. Kowane iska yana da suna da matsayi da kiɗa da tufafi. Wanda iska ke hawa, dokinsa ke nan, kuma sai an girka shi ya koyi yadda ake karɓar mahayin. Akwai lokacin farawa da na gamawa, akwai masu kula da dawaki don kada su ji rauni. Sannan jerin iskoki bai taɓa zama rufaffe ba. Tun kafin Nasara ya zo akwai iskoki malamai da Fulani da Buzaye da maharba, duk baƙon da ya shigo da wani irin ƙarfi ya sami wuri. Soja da likita da direba sun shiga ta ƙofar da ta daɗe a buɗe. Shugaban Hauka ma ba Bature ba ne, Istanbula ne, wanda aka ce Musulmi ne mai zama a Bahar Maliya.

Ƙarfin wannan ilimi shi ne kusanci. Rauninsa kuma yana nan: mai bincike ɗaya ne, da idonsa ɗaya, da tafintansa, kuma abin da ya fi ba shi mamaki shi yake ɗauka. Rouch ya ɗauki kumfa da jinin kare, bai ɗauki sauran ranakun shekara ba.

Idon mai nazarin zaman jama'a

Masanin zamantakewa yana tambaya ta dabam: su wane ne ke shiga, a wane lokaci, me ke danne su? Émile Durkheim ya kafa wannan hanya a 1897, lokacin da ya ɗauki kisan kai, abin da kowa ke gani sirrin zuciyar mutum ɗaya ne, ya nuna da ƙididdiga cewa yawansa na hawa da sauka bisa addini da aure da ƙarfin zumunci. A 1951 Georges Balandier ya ja hankalin masana cewa ba za a iya nazarin wata ƙabilar Afirka kamar tana zaune ita kaɗai ba, alhali kumandan da ɗan kasuwa da mai karɓar haraji suna tsakiyar rayuwarta.

Da wannan ido, amsa tana cikin lanho da aikin dole da sarautar da aka ɗora. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a 1975, ya fassara Hauka na Kurfai a matsayin tawayen talakawa da samari ga Gado Namalaya da iyayen gidansa. I. M. Lewis, a 1971, ya kwatanta al'ummomi da yawa ya ce hawan iska ya fi kama waɗanda ba su da bakin magana, mata a gidan miji, bayi, baƙi, domin abin da mutum bai isa ya faɗa ba, iska na iya faɗarsa ba a hukunta kowa ba. A Akara kuwa, ƙungiyar Hauka ta kasance wa ɗan cin rani dangi a baƙon gari, inda zai sami masauki da wanda zai tsaya masa in ya shiga uku.

Wannan bayani yana da nauyi, sai dai yana da giɓi. Dubban mutane sun biya lanho sun yi aikin dole iska bai hau su ba. Kuma an soke aikin dole a 1946, Nijar ta sami mulkin kai a 1960, amma Hauka ba su tafi tare da kumandan ba. Sun zauna cikin sauran iskoki, ana kiran su don korar mayu da neman lafiya. Abin da ya wanzu bayan abokin gabarsa ya tafi, da wuya a ce gaba ce kaɗai dalilinsa.

Idon mai nazarin zuciya

Sikoloji ya fi kusantar da kallo, zuwa abin da ke faruwa cikin mutum ɗaya. A asibitin Salpêtrière na Paris, Jean-Martin Charcot ya kwatanta zane-zanen masu aljanu na zamanin da da marasa lafiyarsa, a wani littafi na 1887, ya ce cuta ɗaya ce. Pierre Janet, a 1889, ya bayyana yadda hankali ke iya rabuwa, wani sashe ya yi magana ya yi aiki ɗayan bai sani ba, har mutum ya farka bai tuna komai ba. Wannan ya yi daidai da abin da dawakin iska ke faɗi a kan kansu.

A hannun likitocin mulkin mallaka ilimin ya zama makami. J. C. Carothers, a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953, ya kwatanta tunanin baƙar fata mai lafiya da na Bature da aka yi wa aiki a gaban ƙwaƙwalwa. Frantz Fanon, likitan taɓin hankali ɗan Martinik, ya ragargaji wannan ra'ayi a littafinsa na 1961, ya mayar da laifin ga mulkin da kansa. A ganinsa, rawa da hawan iska wata kafa ce da fushin wanda aka danne ke fita ta cikinta, ya koma gida ya huce, mulki kuwa ya ci gaba. Wasu likitoci suka zaɓi su saurara. Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyukan Aro kusa da Abekuta daga 1954, tare da danginsu da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar daga 1959.

Sai ƙididdiga ta zo ta rushe zancen cewa wannan halin Afirka ne. Erika Bourguignon ta duba bayanan al'ummomi 488 na duniya, ta buga sakamako a 1973: 437 daga cikinsu suna da wata hanya da aka amince da ita ta fita daga hayyaci, 251 kuma suna da hawan iska. Abin da ake samu a fiye da rabin al'ummomin da aka ƙirga ba za a kira shi cutar wata ƙabila ba. Shi ya sa kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, na goma da na goma sha ɗaya, bai lissafa hawan iska cikin cuta sai in ya zo ba da son mutum ba, yana wahalar da shi, kuma a wajen abin da al'adarsa ko addininsa suka saba da shi. Ke nan likita ba zai iya yanke hukunci ba sai ya san al'adar, wato sai ya ari idon maƙwabcinsa.

Wa ke kallon wa?

Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya daɗe yana bincike a yammacin Nijar, ya yi wa ɓangarorin gargaɗi a 1993 da 1994. Ya ce masu ganin tawaye cikin kowane motsin Hauka, da masu ganin magani cikin kowane wasan iska, duka suna ɗora wa mutane ma'anar da su ba su faɗa ba. In an tambayi dokin Hauka, ba zai ce yana yi wa gwamna ba'a ba, ba kuma zai ce yana sauke damuwa ba. Zai ce iska ne ya zo, shi bai san abin da aka yi ba. Paul Stoller kuma, a 1995, ya ce jiki ne ke ajiye tarihin mulkin mallaka, kuma taku da sarawar Hauka wata irin tunawa ce. Gardamar ba ta ƙare ba.

Ya kamata mai karatu ya lura da iyakar waɗannan ilimai. Malaman Musulunci sun daɗe da bayyana hukuncinsu a kan bori, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Masana ukun nan ba su da ma'aunin da zai tabbatar da iska ko ya kore shi. Abin da ke hannunsu shi ne abin da mutane ke yi, da abin da suke faɗa, da halin da suke ciki.

Akwai kuma tambayar da ta fi zafi. A wata hira da aka yi a 1965, mai shirya silima Usman Sembène na Senegal ya zargi Rouch da sauran masana Afirka na Turai da kallon mutanen Afirka kamar ƙwari. Zargin yana da tushe, amma labarin Hauka ya nuna kallon ba daga gefe ɗaya yake ba. Mutanen Shikal sun zuba wa Bature ido, sun karanci takunsa da tsawarsa da yawan taronsa da takardunsa, suka fitar da siffarsa a jikinsu tun kafin ɗaliban cibiyar Paris su iso da littattafan rubutu. Daga baya ƴan ƙasa suka karɓi kayan aikin da kansu. Umaru Ganda, wanda ya fara da taya Rouch ƙidayar ƴan cin rani a Abijan, ya zama mai shirya silima, ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972. Bubu Hama da Juulde Laya sun ba da rayuwarsu ga tattara tarihin baka, cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai ta gaji tsohuwar cibiyar Nasara, aka kuma kafa LASDEL a Yamai a 2001. Rouch kansa ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka rufe shi a Yamai.

Maganar ba ta tsaya a tarihi ba. Daga shekarun 2000 an sha samun lakkwal-lakkwal na sakandare a Nijar inda ƴan mata da yawa ke faɗuwa a aji lokaci guda, suna ihu, suna magana da wata murya, har a dakatar da karatu. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike mai tsawo a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kan haka. A irin wannan rana shugaban lakkwal yana tsaye inda Crocicchia ya tsaya a 1925, kuma sunan da ya fara ba abin shi zai nuna inda yarinya za ta kwana: in ya ce iskanci ne, kora, in ya ce cuta ce, asibiti, in ya ce aljanu ne, wurin mai ruƙiyya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma kamarar Rouch ta gani sarai, aka kuma shekara saba'in ana musu a kan abin da ta gani. Kafin a yanke suna akwai tambayoyin da shekara ɗarin nan ta bari gado. Me yarinyar da iyayenta ke cewa ya same ta? Wane nauyi ke kanta, na jarrabawa ko na auren da ake shirya mata ko na yunwa? Shin tana wahala, tana neman a taimake ta? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da aka yi wa Shibo a Yamai.